Koyon Aikin Gidan Kayan Tarihi: Jawabi ga Ma'aikatan En'e ta Gumel da Magadansu

Hakimai da alƙalai da malaman ofis, tsofaffin ma'aikatan En'e ta Gumel da waɗanda suka gaje su a masarauta da ƙananan hukumomin nan huɗu, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Maganar da za a yi yau ta shafi wata sana'a wadda ba safai a kan ambace ta a majalisa ba, ita ce tsaron kayan mutanen da, da yadda a ke horon samari su iya ta bayan sun ƙare karatun jami'a.

Duk wanda ya ci abinci a En'e ya san Baitulmali. Kuɗi ba su shiga sai da rasit, ba su fita sai da sa hannu, Ma'aji kuwa ba ya tashi daga ofis sai abin da ke cikin littafi ya yi daidai da abin da ke cikin akwati. To, gidan kayan tarihi wani irin Baitulmali ne. Bambancinsu guda ne: in sule ya ɓace a Baitulmali, a kan ci tarar wanda ya ɓatar, a kawo wani sule ya maye gurbinsa, amma in gara ta cinye wasiƙar da wani sarki ya aika wa ɗan'uwansa tun kafin zuwan Turawa, duk dukiyar lardi ba ta sayo wata. Saboda haka wanda za a damƙa wa makullin irin wannan gida ya fi Ma'aji bukatar horo.

ASALIN AIKIN A NIJERIYA

Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san ko aikin su wane ne. Wajen 1943 kuma wani akawun ma'aikatar kuza a ƙasar Jama'a ya sami wani kai, ya tafi da shi gonarsa ta doya, ya kafa shi don ya tsorata masu ɓarna. Ya daɗe can rana da ruwa suna dukansa, kafin a kai shi ga wani ƙaramin Joji a Jos, ana ce da shi Bernard Fagg, wanda ya yi karatun tonon kufai a Jami'ar Kambirij. Da ya gan shi sai ya tuna da na 1928, ya gwama su, ya ga aikin mutane ɗaya ne. Daga nan ya shiga roƙon masu kuza su riƙa sanar da shi duk abin da suka tono. Da tafiya ta yi tafiya sai ta bayyana cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai wata al'umma a tsakiyar ƙasar nan wadda ta gwane ga ginin yumɓu, ta kuma san narkar da tama.

Akawun nan ya iya karatu, ya iya lissafi, yana kuwa riƙe da littafin ma'aikata. Abin da ya rasa shi ne ido wanda aka horar. Kai ɗaya ne ya shiga hannun mutum biyu, na farko ya ga abin korar dabba, na biyu ya ga ƙofar tarihin wata al'umma.

A cikin 1943 ɗin ne Gwamnati ta kafa ma'aikatar kula da kayan tarihi, ta sa Kenneth Murray ya shugabance ta. Shi kuwa ya zo Nijeriya tun 1927, yana malamin zane a makarantu. Fagg ya bar aikin mulki ya koma wurinsa. Aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952, aka yi dokar kayan tarihi cikin 1953, aka buɗe na Ikko cikin 1957. A Kano kuma aka gyara Gidan Makama, tsohon gidan nan da a ke danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, aka mai da shi gidan nuna tarihin birni. Cikin 1979 aka yi sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ita ce ke riƙe da aikin har yanzu.

LABARIN MALAM LIMAN CIROMA

Gina gida abu ne mai sauƙi in da kuɗi. Samun wanda zai riƙe shi ne wuya. Tun da fari su Murray da Fagg suka gane ba za su dawwama ba, sai suka shiga neman samari 'yan ƙasa su koya musu. Cikin waɗanda aka samu daga Arewa akwai Malam Liman Ciroma, mutumin Fika, wanda aka haifa a Potiskum cikin 1930. Ya shiga ma'aikatar cikin 1949, yana ɗan shekara goma sha tara, ya zauna ƙarƙashin Fagg cikin shekarun da a ke ta fama da ginin gidan Jos. Bayan ya san aikin da hannunsa aka aika da shi Ingila, ya sami digiri a kan tarihin da da ilmin tonon kufai a Jami'ar Birmingham cikin 1959. Shi a ke lissafawa ɗan Nijeriya na farko da ya sami cikakkiyar shaidar wannan ilmi.

A lura, shekara goma cur ke tsakanin shigarsa aiki da samun digirinsa. Aikin hannu ya riga takarda, takarda ta zo ta tarad da tushe. Amma cikin 1961 sai ya koma aikin mulki na Jihar Arewa, don a lokacin nan ana neman 'yan Arewa masu ilmi ruwa a jallo su maye gurbin Turawa. Ya yi ta hawa har ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1977 zuwa 1979. Ya rasu cikin 2004. Ƙasa ta ci riba da shi ƙwarai, amma ma'aikatar da ta shekara goma tana rainonsa ba ta more shi ba sai ɗan lokaci kaɗan. Wani abokin aikinsa daga Kudu, Ekpo Eyo, shi ya zauna, ya riƙe shugabancin ma'aikatar daga 1968 har 1986.

Abu biyu ke cikin wannan labari. Na ɗaya, ma'aikacin kirki ba ya samuwa dare ɗaya. Na biyu, wanda ya horar da yaro bai tanadar masa kujerar da za ta riƙe shi ba, ya yi wa wani noma ne.

MAKARANTAR JOS DA 'YAN'UWANTA

Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, kowace ta so ta yi gidan tarihinta, ga shi kuwa babu ma'aikata. Sai cikin 1963 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa kai suka buɗe makarantar horon ma'aikatan gidajen tarihi a Jos. Ana koyarwa da Ingilishi da Faransanci, don haka ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen da Ingila ta mallaka da waɗanda Faransa ta mallaka. An zaɓi Jos ne domin gidan kayan yana nan tsaye da kayansa, ɗalibi ya fito daga aji ya shiga sito ya taɓa abin da aka gaya masa. Gani ya kori ji.

Magajiyar wannan makaranta tana nan a Jos ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan ana karantar da ilmin tonon kufai har zuwa digiri mai zurfi. A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa cikin 1970 a gidan Sardaunan Sakkwato, inda a ke tsaron tsofaffin littattafai da takardu. A maƙwabta kuma akwai gidan tarihi na Yamai da aka buɗe cikin 1959, wanda yanzu ya ke ɗauke da sunan Bubu Hama, da makarantar kayan gado ta Afirka da aka kafa a Porto-Novo ta ƙasar Binin cikin 1998. Ashe ƙofofin koyo ba su yi kaɗan ba, masu ƙwanƙwasawa daga wannan yanki su ne kaɗan.

ABIN DA ƊAN KOYO KE KOYA

Wani zai ce, yaron da ya shekara huɗu a jami'a, har ya ƙara wata shekara ko biyu yana neman digiri na biyu, me ya rage masa? Amsa tana cikin ɗakin shari'a. Almajiri ya kan haddace littattafan fiƙihu sarai, amma ba a naɗa shi alƙali sai ya zauna shekaru gefen buzun alƙali yana muhuti, yana jin yadda a ke tambayar shaidu, yana ganin inda mai ƙarya ke tuntuɓe. Haka aikin nan ya ke. Jami'a ta kan ba yaro sanin abin da ya sa a ke ajiye kaya, amma yadda a ke ajiye su sai a gaban wanda ya tsufa cikin aikin.

Farkon abin da a kan ɗora shi a kai shi ne rajista. Kowane abu ya shigo gidan, kafin a kai shi ko'ina sai a ba shi lamba, galibi kashi uku: shekarar shigowarsa, da lambar kayan da suka zo tare, da tasa ta kansa. A rubuta lambar a babban littafi da tawadar da ba ta gogewa, a sa ta kuma a jikin abin a wurin da ba za ta ɓata shi ba. Sa'an nan a rubuta sunansa da harshen masu shi, da abin da aka yi shi da shi, da tsawonsa da faɗinsa, da garin da aka samo shi, da wanda ya kawo, ko kyauta ce ko saye ko aro, a kuma ɗauki hotonsa. In an yi kuskure ba a kankarewa, sai a ja layi ɗaya a sa hannu a gefe, kamar dai yadda a ke yi a littafin shari'a. Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne, takobin da aka san wanda ya ƙera shi da wanda ya rataya shi shaida ne, wanda ba a san kome a kansa ba kuwa tsohon ƙarfe ne kawai. In kuma ɓarawo ya ɗauke abu ya ƙetare da shi, ba abin da zai komo da shi sai lamba da hoto.

Na biyu, ya koyi ɗauka da ajiyewa. Ba a ɗaukar tukunya ta baki ko ta kunne, sai a tallafe ta daga gindi da hannu biyu. Ba a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, don gumi ya kan bar gishiri ya jawo tsatsa. Tsohuwar riga ba a rataye ta a ƙusa, nauyinta sai ya yage kafaɗa, shimfiɗa ta a ke yi. Kafin ya ɗaga abu kuma sai ya riga ya share inda zai sauke shi.

Na uku, ya koyi tsare hannunsa daga gyaran da ba a sa shi ba. Wannan ya fi ko wanne wuya ga yaro mai ƙwazo. Ya kan ga tagulla ta dushe ya so ya goge ta da toka da lemun tsami ta yi ƙyalli, ya ga takarda ta yage ya so ya manne ta da salatif, ya ga sirdi ya bushe ya so ya shafe shi da mai. Duk ɓarna ce. Gugar ta kan cinye zanen da ke jikin tagulla, ƙaron salatif ya kan shiga takarda ya bar tabo wanda ba ya fita, mai kuwa ya kan jawo ƙura da ƙwari. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, kada a yi wa abu aikin da na baya ba zai iya warwarewa ba.

Na huɗu, ya san abokan gaba. A ƙasa irin wannan su ne gara da asu da ɓera da ƙwaron da ke huda itace, sa'an nan iska da haske. Da hunturu iska ta kan bushe ƙayau, fata ta ƙandare, ƙwarya da itace su tsage. Da damina kuma laima ta sauka, hunhuna ta kama fata da takarda. Abin da ya fi cutarwa shi ne wannan kai da kawowa tsakanin bushewa da laima, don abu ya kan kumbura ya motse, ya kumbura ya motse, har ya gaji ya fashe. Rana kuma ta kan cinye rini, abin da ta cinye kuwa ba ya komowa. Saboda haka ɗan koyo ya kan zaga sito kullum safiya yana duba ma'aunin zafi da na laima yana rubutawa, yana leƙa gindin bango ko gara ta fara gini, yana duba ƙarƙashin kaya ko akwai garin itace da ƙwaro ya zubar. Ba a ajiye kome a ƙasa ko a jingine shi da bango. In ƙwari suka kama riga, yanzu an fi so a ƙulle ta cikin leda a sa ta a firiza mai tsananin sanyi kamar mako guda, maimakon a yi mata feshin magani wanda zai cuci rigar ya cuci mai taɓa ta.

Na biyar, takardu. Littattafan malaman da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa su ke cikin gafaka, galibi kuwa ba su da lambar shafi. Mai kwafi ya kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta, da ita a ke gane jerinsu. Wanda bai san wannan ba, in iska ta watsa masa littafi, ya haɗa yadda ya ga dama, ya lalata shi ko da bai yaga ko warƙa ɗaya ba. Don haka yaron da ya yi allo ya iya karanta ajami da rubutun Larabci irin na ƙasar nan ya riga abokansa da tafiyar yini guda.

Na shida, ya koyi zama gaban tsofaffi. Sanin yadda a ke ɗura lifidi, da sunan kowane yanki na kayan doki, da ranar da a ke buga tambari da ranar da ba a bugawa, yana bakin shamaki da dukawa da maƙera da makaɗan fada. Sai yaro ya tuɓe takalmi, ya ajiye digirinsa a ƙofar zaure, ya yi tambaya da ladabi, ya rubuta da sunan wanda ya faɗa masa da ranar da ya faɗa. Daga ƙarshe ya koyi jera kaya don masu kallo, da rubuta bayani gajere wanda manomi zai gane, malami kuma ba zai raina ba.

Akwai koyo na gaskiya, akwai kuma na suna. Sau da yawa a kan karɓi ɗalibi a zaunar da shi bakin ƙofa yana yankan tikiti, ko a mai da shi ɗan aike, wata shida ya cika a ba shi takarda ya tafi bai taɓa buɗe rajista ba. Koyo na gaskiya shi ne wanda aka sa yaro ƙarƙashin mutum guda sananne, aka rubuta abin da zai koya wata-wata, yana da littafin da ya ke rubuta aikin kowace rana maigidansa yana sa hannu, aka kuma damƙa masa wani rukunin kaya, ko da guda hamsin ne, ya yi musu rajista tun daga farko har ƙarshe a duba.

JIRGIN DUFUNA

Ga misalin abin da horo ke tsarewa. Cikin 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin wajen mita 5. Bai sa gatari ba. Labari ya hau daga ƙauye har ya kai ga hukuma, aka kira masana daga Jami'ar Maiduguri, daga baya suka haɗu da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, su Abubakar Garba da Peter Breunig, aka tone wurin a tsanake cikin 1994. Sai ga jirgin ruwa na itace guda, tsawonsa ya ɗara mita 8. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya kai wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya kai shi tsufa a Afirka ba.

Itacen da ya daɗe haka cikin laima ruwa ne ke riƙe da shi. Da an jawo shi an shanya a rana, da ya tsattsage ya murɗe cikin 'yan kwanaki. Sai da aka tsare shi a jiƙe, aka kai shi Damaturu aka yi ta jiyyarsa da magani shekara da shekaru. Wannan sani ne na wanda aka horar. Amma da makiyayin nan da masu gari ba su kai labari ba, da masanan ba su ji ba balle su zo.

A gwama wannan da abin da ya sami gumakan yumɓu na ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato cikin shekarun 1990, sa'ad da 'yan kasuwa suka sa talakawa suna tona kufai da dare ana fita da kayan Turai. Abin ya yi yawa har cikin 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Ko an komo da irin waɗannan, rabin amfaninsu ya tafi, don ƙasar da abu ke kwance ciki, da gawayin da ke gefensa, da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa, su ne ke faɗin shekarunsa. Dokar 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda Hukuma ta yarje wa, ta hana fita da su ƙasar waje sai da izni, ta kuwa lissafa aikin hannun da aka yi kafin 1918 cikinsu. Masu riƙe da garuruwan kan iyaka ya kamata su fi kowa sanin wannan.

RABON ƘASAR GUMEL

Kada a ce wannan magana ta Jos ce da Kano. A cikin Jihar Jigawa, a duwatsun Birnin Kudu, akwai zanen shanu na mutanen da, da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Fagg ya bincika wajen 1955, suna kuwa cikin wuraren da Gwamnati ta tsare. Ƙasar Gumel kuma tsohuwar masarauta ce ta Mangawa wadda ta zauna tsakanin Barno da Kano da Damagaram da Haɗeja, ta ga yaƙi ta ga fatauci. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Gumel cikin 1851, ya ba da labarin girman cinikin kanwa da ya tarar. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda aka gama wajen 1930, ta ratsa Gagarawa ta jawo cinikin gyaɗa. Kasuwar Maigatari kuwa har yanzu tana tara dabbobi daga Nijar da Nijeriya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamanai ya bar kayansa. Irin abin da a kan samu a tsofaffin gidajen sarauta da na malamai da na fatake shi ne sulke da lifidi da kwalkwali, da sirdi da likkafa, da wasiƙu masu hatimi, da littattafai cikin gafaka, da kayan raƙumi, da sikelin awon gyaɗa. En'e kanta, tun da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe zamaninta, ta zama tarihi. Littafin shari'a, da rasit na haraji da na jangali, da hatimin ofis, da rigar ɗan doka, yau duk kayan gidan tarihi ne. Kowace damina wani ɗaki ya kan faɗi a kan wasu, kowane rabon gado ya kan watsa wasu, dillalai kuma suna zagawa. Tsofaffin da suka san labarinsu kuwa kullum raguwa su ke yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba a fara da gini. Gidan da aka gina babu ma'aikaci, sito ne na gara. Mutum a ke fara nema.

Da fari, kowace ƙaramar hukuma ta duba cikin 'ya'yanta da suka karanta tarihi ko Hausa ko Larabci ko ilmin tonon kufai, maza da mata, ta zaɓi mai haƙuri da amana, ba lalle sai wanda ya fi iya baki ba. Mata suna da wani rabo na musamman a nan, don su ke iya shiga cikin gida inda kayan ɗaki da tsofaffin tufafi su ke. Makarantu ba su yi nisa ba, ga Kwalejin Ilmi a Gumel, ga jami'a a Dutse tun 2011, ga wata a Kafin Hausa tun 2013.

Na biyu, a nema musu gurbin koyo a Jos ko Gidan Makama ko Gidan Arewa, da takarda daga masarauta. Wanda zai yi shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973, ana iya roƙo a tura shi gidan tarihi ya yi ta can. A ba su kuɗin abinci da na masauki, domin in koyo ya zama sai mai abin hannu, 'ya'yan talakawa sun fita ke nan. A kuma bukaci su kawo littafin aikinsu a duba, kamar yadda a ke duba littafin malamin haraji.

Na uku, tun kafin su tafi a rubuta kujerarsu cikin kasafin kuɗi, da albashi da hanyar ƙarin girma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, in sun komo aikinsu na farko shi ne ƙidaya. Su bi gida-gida da iznin hakimai da dagatai, su rubuta abin da ke akwai, su ɗauki hoto, su nuna wa masu shi yadda za su tsare shi. A bayyana wa jama'a sarai cewa kaya na mai shi ne, ba za a karɓe ba, ba kuwa haraji za a ɗora ba. Mutanen da suka ga zamanin ƙidayar jangali ba su kan saki jiki da mai littafi ba, sai wanda suka amince da shi ya yi masa jagora. Nan ne tsofaffin ma'aikata za su fi amfani, don sun san ko wane zaure, ana kuwa jin maganarsu.

Na biyar, a sanar da masu unguwa da dagatai, in mai haƙar rijiya ko kwata ko tushen gini ya ci karo da tukwane ko ƙasusuwa ko ƙarfe, a tsai da aiki, kada a wanke kome, kada a kwashe, a sa mai gadi, a aika wa hukuma.

Ma'aikatan En'e sun riƙe amanar kuɗin jama'a da alƙalami da tawada, a zamanin da babu lantarki babu mota sai doki. Littattafan da suka cika suna nan wasu a Kaduna cikin ma'ajin takardun Gwamnati, masu bincike suna buɗe su suna samun abin da su ke nema, don an rubuta su da kyau. Abin da a ke roƙo gare su da magadansu yanzu shi ne su zaɓi yara biyu ko uku daga ƙasar nan, su aika da su su koyi wannan riƙo, su kuma ajiye musu wurin zama kafin su komo.

Iyakar jawabin ke nan.